Gwajin Janairu ba ya yanke wa Afrilu hukunci

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce farantin ruwan da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutarka ya fi na abokinka nesa ba kusa ba. Ban yarda ba, kuma raina ya sosu, domin matasa za su kashe kuɗinsu bisa maganarka.

Kai ka auna naka a Janairu, iskar hunturu na kaɗowa daga tafkin Madarunfa. Shi kuwa ya auna nasa a Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ɗaki rufin kwano. Ai ruwan da ke zagayawa cikin bututun ba zai taɓa yin sanyi fiye da iskar ɗakin ba. Ko ruwan randa ya san bambancin watannin nan.

Abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin ƙwaƙwalwar da na ruwan, a kan kwamfuta ɗaya, famfo ɗaya, aiki ɗaya. Man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ma sai ya zama iri ɗaya. Na taɓa kwance faranti na tarar man ya taru gefe guda, tsakiya a bushe, don ƙusa ɗaya ba ta ɗauru ba. Shi ya sa ake cirewa a mayar sau uku ko fiye, a ɗauki matsakaici.

Ba ka ma kakkaɓe ƙurar fankar abokin naka ba kafin ka yanke hukunci.