Na'ura Ta Gano Ciwo, To Wa Zai Ba Da Magani?

Jama'a, kowa a cikinmu ya san yaron nan mai wayo, wanda in an bar masa tsaron kaya a kasuwa ba ya kuskuren canji ko na kwabo, amma da an buɗe masa littafi sai ya daburce. A makaranta sunansa daƙiƙi, rabonsa bulala, ƙarshensa a cire shi a ɗora masa talla. Alhali kuwa sau da yawa ba daƙiƙanci ba ne. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara. Ana ce wa wannan larura disleksiya, watau wahalar haɗa harafi da sautinsa.

Yau akwai kwamfuta mai gwada yara don gano ta. Dabarar ita ce a tattara sanin gwanaye a zuba cikin na'ura bisa ƙa'ida: in ka ga kaza, to kaza ne. Haka Jami'ar Stanford ta Amurka ta yi da MYCIN a shekarun 1970 don ciwon jini. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Hull ta Ingila suka fito da CoPS, mai gwada yara 'yan shekara 4 zuwa 8 ta hanyar wasa. Mun yi murna da wannan, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma fa kada a rufe mana ido. Na farko, da Turanci aka auna waɗannan gwaje-gwaje. Bokon Hausa yana da nasa tarko: b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, kuma ba a nuna jan wasali ko karin sauti, shi ya sa “fari” na alli da “fari” na rashin ruwa rubutunsu ɗaya. Mudun wani gari ba ya awo a kasuwarmu.

Na biyu, a 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane. Ashe duka masu larura ne? Ko kusa! Galibinsu ba a koya musu ba ne, ajin ya cika, littafi babu, albashin malami ya makara.

Saboda haka ga abin da muke nema ga mahukunta. In za a sayo na'ura, a auna ta da Hausa a kan 'ya'yanmu. A fara da makarantun talakawa. Kowane yaron da aka gano, a ba shi malamin da aka horar, a kuma ajiye bulala. In ba haka ba, an yi kwangila ne kawai.

Ku kuma iyaye, kada ku cire yaro don an ce masa daƙiƙi. Ku je ku tambayi hedimasta me aka gwada. Allah ya sa mu dace.