Abuja Ta Yi Taro, Uwani Na Jiran Malami

A watan Oktoban 2022 Abuja ta karɓi baƙuncin taron UNESCO kan ilimin tantance labarai, aka yi jawabai, aka watse. Wanda ya fi buƙatar ilimin bai shiga zauren ba: Bahaushe ɗan kasuwa a Uwani, cikin Inugu, da ake turo wa bidiyon ƙone-ƙone ta WhatsApp da tsakar dare, ya rasa gane na yau ne ko na bara. Da wannan bidiyo zai yanke shawarar kwashe iyalinsa, danginsa a Kano kuma su hasala.

Inugu ta san wannan aiki. A can aka buɗe babban laburaren jama'a a 1959 da tallafin UNESCO, kuma Laburaren Ƙasa na da reshe a garin. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikaci mai jin Hausa, wanda zai zauna da 'yan kasuwa ya koya musu bin sawun hoto da gano bakin da labari ya fara fitowa. Hedikwatar Laburaren Ƙasa da aka ba da kwangilarta a 2006 ta gagari Ma'aikatar Ilimi. Albashin mutum ɗaya dai bai kamata ya gagare ta ba.