A Dakata da Tafiya Obudu Sai Disamba



Tun ranar da aka sanar a taron safe cewa Obudu za a je yawon buɗe ido na bana, maganar ba ta kwanta ba. A aji ita ake yi, a layin abinci ita ake yi. Abu guda ya rage wa kwamitin malamai ya yanke: a tafi a dogon hutun Agusta, ko a jira hutun Disamba. Yawancin ɗalibai Agusta suke so, don ya fi kusa. Mu 'yan ƙungiyar jarida mun buɗe taswira, mun tsare Malamin labarin ƙasa da tambayoyi har ya gaji da mu, kuma ra'ayinmu shi ne a jira.

Wurin shaƙatawar Obudu yana kan tsauni ne a ƙaramar hukumar Obanliku ta jihar Kuros Riba, dab da iyakar Kamaru. Tsayinsa ya haura mita 1,500 daga doron teku. Asalinsa gonar kiwon shanu ce da aka kafa a 1951, shi ya sa har gobe wasu ke ce masa gandun shanun Obudu. Daga nan Arewa sai an bi ta Makurɗi da Gboko kafin a shiga garin Obudu, kuma ko an shiga garin da sauran tafiya kafin a kai gindin tsaunin.

To, ga matsalar Agusta. Ruwan da ke sauka a tsaunin nan a shekara ya haura milimita 4,000, wato ya ninka na Kano sau huɗu ko fiye, kuma Agusta tsakiyar daminarsu ce. Mu da muka saba hadari ya haɗo, a yi ruwa, a ɗauke, rana ta fito, kada mu ɗauka haka abin yake a can. Gajimare kan sauko ya zauna a kan tsaunin, hazo ya rufe ko'ina har mutum bai ganin abin da ke 'yan taku kaɗan a gabansa. Wanda ya tara kuɗi wata da watanni don ya tsaya a ƙololuwa ya hango kwaruruka, zai iya ƙarewa a bakin taga yana kallon farin hazo kwana uku.

Sannan akwai hanya. Titin da ke hawa tsaunin kimanin kilomita 11 ne, murɗe-murɗe ne tun daga ƙasa har sama, akwai ma wata kwana da saboda tsananinta ake yi mata laƙabi da gwiwar hannun Shaiɗan. Muna roƙon kwamiti ya kwatanta bas ɗin makaranta cike da ɗalibai a kan wannan titi, kwalta jiƙe, hazo a gaba. Iyayen da za su sa hannu a takardar izini suna da haƙƙin a yi wannan lissafin tun kafin a kai musu takardar. Wasu za su ce ai akwai motar nan mai rataye a igiyar ƙarfe da aka buɗe a 2005, wadda ke ɗaukar mutane daga ƙasa zuwa sama, tafiyar kusan kilomita 4. Gaskiya ne an yi ta, amma kada a sa ta a cikin tsari sai an buga waya an tabbatar tana aiki a makon da za a je.

Su kansu masu wurin sun san lokacinsa. Gasar tseren hawan tsaunin Obudu, wadda ita ma aka fara a 2005, har 'yan tseren Habasha suka sha lashe ta, a ƙarshen Nuwamba aka riƙa yin ta a shekarun baya, lokacin da ruwa ya ja baya. A irin wannan lokaci ne ƙafa ke kama ƙasa, a iya yawo a tuddai, a hau doki, a gangara wajen magangarar ruwa ba tare da fargabar santsi ba.

Yanzu maganar dabbobi, wadda ita ce ta fi damun mu. Mun ji wasu 'yan ajin ƙarshe suna gaya wa ƙannenmu cewa za su ɗauki hoto da gorila. Don Allah a daina. Gaskiya ne akwai wannan goggon biri a jihar, ana ma kiransa gorilan Kuros Riba, amma yawansu a duk duniya bai wuce kimanin 300 ba, a warwatse cikin dazuzzukan tsaunuka tsakanin Najeriya da Kamaru, irin su tsaunin Afi da tsaunukan Mbe. Gudun mutane suke yi, kuma suna da dalili, tunda farauta da sare daji ne suka rage su haka. Masu bincike ma galibi sheƙar da suka kwana da kashinsu suke tararwa, ko hoton da kyamarar da aka ɗaure a bishiya ta ɗauka. Wanda ya ga biran Yankari masu fizge wa baƙo burodi a hannu, ya cire wannan hoton daga kansa.

Abin da za mu iya gani ƙanana ne, kuma suna son haƙuri. A kan tsaunin akwai ɗan kurmi da aka keɓe, Becheve, mai gadar igiya da aka rataya tsakanin bishiyoyi. A nan ne ake samun tsuntsayen da ba sa zama sai a tsaunuka masu sanyi. Akwai wani rawaya mai baƙar fuska, dangin masu saƙa sheƙa, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai tsaunukan Najeriya da Kamaru. Akwai hawainiya, akwai malam-buɗe-littafi kala-kala. Duk wannan sai an fita da sassafe, a ƙananan rukuni, baki a rufe. Ɗalibi arba'in da lasifika ɗaya sun isa su kori duk abin da ke da fiffike a dajin.

Disamba tana da wata garaɓasa kuma. A Boje, kusa da tsaunin Afi, tsattsewa masu gudun sanyin Turai ke taruwa suna kwana a cikin doguwar ciyawa, dubbai a kan dubbai, da magariba su rufe sama. A Agusta suna can Turai. Wurin da nisa daga Obudu, amma idan kwamiti ya ga kuɗi da kwanaki za su kai, mun fi son a kashe su a nan a kan sayen rigunan tunawa.

Ba mu ce Disamba ba ta da aibi ba. Ciyawa ta fara bushewa, ruwan magangara ya ragu, ƙurar hunturu kan dusashe hangen nesa, kuma idan Kirsimeti ta matso wurin kan cika, ɗakuna su yi tsada. Shi ya sa muke ba da shawarar a tashi a makon farko na hutu, a dawo kafin cunkoso. Bushewar ciyawar nan kuma gargaɗi ce: ashana ɗaya a tudun ciyawa kan iya kai wuta har bakin kurmi, don haka masu niyyar hura wuta su ji ɗumi da dare su aje niyyar a gida, su ɗauko rigar sanyi mai kauri da safa. Haka nan idan bas ya tsaya a hanya aka miƙo naman daji, kada ko ɗaya daga cikinmu ya saya, domin ba mu san wace dabba aka kashe ba.

Roƙonmu ga kwamiti uku ne: a sa tafiyar a farkon hutun Disamba, a nemi jagora ɗan ƙasar da ya san kurmin, a kuma raba mu rukuni-rukuni wajen shiga Becheve. Kwamitin zai zauna ranar Alhamis bayan tashi. Mun manna takarda a ƙasan wannan rubutu, duk wanda ya yarda da mu ya rubuta sunansa da ajinsa, wanda bai yarda ba ya kawo mana nasa rubutun kafin Laraba, za mu manna shi a gefen namu.