Yallaɓai, Ba Yara Ba Ne

Ku masu kamfanoni da manajoji, kukan nan na "yaran zamani ba su da haƙuri" ya isa haka. Waɗanda kuke kira yara tsakanin 1981 da 1996 aka haife su. Babbansu ya haura arba'in, ga iyali, ga kuɗin haya da na makaranta a wuyansa. Da yawansu suna jami'a lokacin da yajin aikin ASUU na 2013 ya cinye kusan rabin shekara. Suka yi bautar ƙasa, suka yi ta yawo da takardu ofis-ofis kafin ku ɗauke su. Wanda ya sha wannan, ku ne za ku koya masa haƙuri?

Ku tambaye su yadda suke kallon wurin aikinku, in kuna da zuciyar jin amsa. A taro kuna cewa "mu nan duk 'yan gida ɗaya ne". To, a wane gida ake yankar kashi 8 na albashin mutum da sunan fansho, ya duba asusunsa ya tarar wayam? Dokar fansho ta 2014 ta ce ku ɗora kashi 10 daga aljihunku, ku tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya yanka ya riƙe, amana ya ci, ko da shi ke sahun gaba a masallacin ofis.

Ga kuma fadanci. Kowa ya san ƙarin girma na mai karɓar jakar oga ne tun daga bakin mota, mai "ranka ya daɗe" a kowace gaɓa, mai kai tsegumi. Wanda ya ce "Yallaɓai, lissafin nan akwai gyara" ya zama marar tarbiyya. Mutum ya gama aikinsa tun la'asar, amma ba shi da ikon tashi sai oga ya tashi, ya isa gida kuma saƙon WhatsApp ya biyo shi da ƙarfe 11 na dare. A bankuna ma abin ya fi muni: mai digiri yana ƙirga miliyoyi a kanta shekara da shekaru, amma a takarda ɗan kwantiragin wani kamfani ne, babu matakin da zai taka.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Gwamnati dai ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000. Ku me kuka ƙara? Riga mai tambarin kamfani da takardar yabo.

Sai ƙwararren cikinsu ya ajiye aiki ku ce butulci ya yi. Kafin ku sake faɗin haka, ku kira akanta ya gaya muku wata nawa ma'aikata ke bin ku kuɗin fansho.