Maganin Ciyawar Shinkafa Da Kifin Argungu

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san 2,4-D, maganin kashe ciyawa mai faɗin ganye. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, da wani sinadari mai guba ake haɗa shi, 2,4-dichlorophenol. Idan maganin ya ruɓe a ƙasa ko a ruwa, gubar takan sake fitowa. Tana ratsa fata, kuma ɗan kaɗan ma yana ɓata ɗanɗanon ruwa da kifi.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, noman shinkafa ya bunƙasa. Ruwan gonakin kuwa kogi yake komawa, inda masunta ke neman abinci, inda ake bikin kamun kifin da UNESCO ta karrama a 2016.

Feshi ya zama dole, amma a daina wanke famfon feshi a kogi, a daina zuba ruwan sha a jarkar magani. Jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero su riƙa auna ruwan, su sanar da manoma da masunta sakamakon da Hausa. Rigakafi ya fi magani.