Illela: Tallafin Da Duniya Ke Turowa Da Wanda Talaka Ke Jira

Daga shingen kwastan na Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Mutanen garuruwan biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna tun kafin Bature ya shata iyaka a tsakaninsu. A 'yan shekarun nan kuwa wannan iyaka ta samu wani aiki na daban: ta zama ƙofar tsira ga mutanen gabashin Sakkwato da 'yan bindiga suka raba da gidajensu.

A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ce sama da mutum 11,500 ne suka tsallaka daga jihar Sakkwato zuwa jihar Tawa, akasarinsu mata da ƙananan yara, suka raɓa a ƙauyukan yankin Bangi. A cikin watan ne aka kai wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Illela hari, aka kashe mutane da dama. Wata guda kafin nan an buɗe wa masu cin kasuwar Goronyo wuta, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Da Disamba ta kama sai aka ƙone matafiya da ransu a cikin mota a yankin Sabon Birni.

Duniya ta ji labarin duk waɗannan, kuma ba za a ce ta naɗe hannu gaba ɗaya ba. Sai dai idan aka auna abin da ya iso wannan yanki daga waje, za a tarar makami da takunkumi sun fi yawa. Abin da zai kare ran farar hula, ya kuma bi masa kadi idan an zalunce shi, shi ne ya fi ƙaranci.

Rikicin da aka kasa raɗa wa suna

Matsalar ta faro ne daga suna. Shekara da shekaru gwamnati na kiran abin da ke faruwa a Arewa maso Yamma fashin daji da satar shanu. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, a Janairun 2025 kuma aka yi wa Lakurawa irin wannan hukunci. Amma ba a taɓa jin hukuma ta fito ta ce yaƙin cikin gida ake yi ba, alhali jiragen yaƙi na ruwan bama-bamai, kuma akwai ƙauyuka a Isa da Sabon Birni da sai sun biya harajin da ɗan bindiga ya aza musu kafin su je gona.

Masana shari'a sun sha bamban a kan ko rikicin ya cika sharuɗɗan da dokar yaƙi ta gindaya, wato tsananin faɗa da kuma kasancewar ƙungiyoyin suna da tsari da shugabanci. Muhawara ce mai ma'ana, amma ba ta wanke kowa. Idan yaƙi ne, Sashe na 3 da ke cikin dukkan Yarjeniyoyin Jeniba na 1949 ya hau kan kowane ɓangare, soja da ɗan bindiga da ɗan sa-kai. Ya haramta kashe wanda ba ya cikin faɗa, da garkuwa da mutane, da azabtarwa, da zartar da hukuncin kisa ba tare da shari'a ba. Najeriya ta rattaba hannu a kansu, ta kuma amince da ƙarin yarjejeniyar 1977 da ta shafi yaƙin cikin gida. Idan kuwa ba yaƙi ba ne, to dokar ta ma fi tsauri, domin a lokacin zaman lafiya hukuma ba ta da hurumin jefa bam a ƙauye don ta kama mai laifi. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya kare ran kowane ɗan ƙasa.

Rashin sunan na da tsada a aikace. Tsarin agajin gaggawa da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa duk shekara, wanda da shi ake neman kuɗi a wurin masu bayarwa, ya daɗe yana taƙaita a Borno da Adamawa da Yobe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi ta ƙorafi tun 2022 cewa an bar Arewa maso Yamma a baya, duk da yadda asibitocinta a Katsina da Zamfara da Sakkwato ke cika da yara masu tamowa. Binciken share fage da ofishin mai gabatar da ƙara na Kotun Duniya ta ICC ya kammala a Disamban 2020 shi ma kan rikicin Boko Haram ya fi karkata. Uwar da aka kashe wa miji a Gada ko Gwadabawa ba ta cikin lissafin kowa.

Abin da ya iso

A ɓangaren makamai ba a yi rowa ba. A 2021 Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano daga Amurka, cinikin kusan dala miliyan 500. Gwamnatin Obama ta taɓa dakatar da wannan ciniki bayan da jirgin sojan Najeriya ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, wanda ya gaje shi ya sake buɗe ƙofa. Babu mai hankalin da zai ce a bar soja hannu rabbana a gaban Bello Turji da ire-irensa. Mutanen Illela da kansu su ne kan gaba wajen roƙon a ƙaro jami'an tsaro. Tambayar ita ce, me ke biyo baya idan bam ya faɗa kan waɗanda aka zo karewa?

A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga gawa 85. Ranar 25 ga Disamba 2024 aka kai hari ta sama a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame, nan cikin Sakkwato, mutanen gari aƙalla 10 suka mutu. Kowane karo akan yi ta'aziyya, a ziyarci asibiti, a yi alkawarin bincike. Cikakken rahoton da talaka zai karanta ya san wanda ya ba da umarni da hukuncin da aka yi masa, shi ne ke wuyar gani.

Bayan shekara guda cif, ranar 25 ga Disamba 2025, Amurka da kanta ta harba makamai masu linzami cikin jihar Sakkwato da amincewar gwamnatin tarayya, ta ce mayaƙan IS ta nufa. Ɓaraguzan wasu sun faɗo a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal. Wannan kuwa a shekarar da ita Amurkar ta rushe hukumarta ta USAID, ta zabtare kuɗin abinci da magani da ake ba ƙasashe irin Najeriya da Nijar. Ƙasar da ke da kuɗin makami mai linzami ba za ta ce kuɗin madarar yaro mai tamowa ya gagare ta ba.

Sai takunkumi. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki da sunan kare dimokuraɗiyya, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Iyakar Illela, wadda sai a Disamban 2020 aka buɗe ta bayan rufewar 2019, ta sake garƙamuwa har zuwa Maris na 2024. Manyan motoci suka yi dogon layi, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe, 'yan dako da direbobi da dillalan kara suka zauna ba aikin yi. Hukumomin agaji sun koka cewa abinci da magunguna sun maƙale a hanya. Janar-janar ɗin Yamai ba su sauka ba. Wanda ya ji jiki shi ne ɗan gudun hijirar da ke cin abinci daga hannun mai masaukinsa, da shi mai masaukin da hatsi ya yi wa tsada.

Darasi daga Ƙonni

Ba sai an je nesa ba kafin a ga irin tallafin da ke amfani. Hadijatou Mani 'yar yankin Ƙonni ce, an sayar da ita a matsayin baiwa tana da shekara 12. Da ta nemi 'yancinta, kotunan ƙasarta suka yi ta juya ta, har ta kai ga zaman kurkuku. Ƙungiyar Timidria ta Nijar, tare da lauyoyi da ƙungiyoyin waje, suka kai ƙarar gaban Kotun ECOWAS. A Oktoban 2008 kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar jaka dubu goma ta sefa, wato miliyan 10.

Ba jirgi aka turo ba, ba a rufe iyaka ba. Mutanen gida ne suka riƙe ƙarar, na waje suka tallafa da lauya da kuɗin shari'a, kotun yanki ta yanke hukunci. Wannan kotu tana nan a Abuja, kuma ɗan Najeriya na iya shigar da ƙara gabanta kai tsaye ba tare da ya gama zagaya kotunan gida ba. Iyalan waɗanda suka mutu a Silame ko Goronyo suna da wannan dama, mafi yawansu ba su ma san da ita ba. Abin takaici, tun da ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a Janairun 2025, ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe ga maƙwabtanta.

Akwai kuma abin da Abuja za ta koya daga Yamai. A 2018 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta yi dokar ƙasa ta kare waɗanda rikici ya raba da muhallinsu a cikin gida, bisa Yarjejeniyar Kampala ta 2009. Najeriya ma ta amince da yarjejeniyar tun 2012, amma waɗanda suka gudo cikin garuruwan Sakkwato har yau a makarantu da kangaye da zaurukan dangi suke kwana, da yawansu ba a ko rubuta sunansu ba.

Masu cewa a yi hattara da baƙi suna da hujja. Tarihin Faransa a Sahel da abin da ya biyo bayan rushewar Libiya a 2011 sun isa su sa kowa ɗari-ɗari. Amma gwamnatoci kan fake da wannan tsoro su kori mai sa ido, su bar mai sayar da makami. A 2019 sojan Najeriya ya rufe ofisoshin wasu ƙungiyoyin agaji a Arewa maso Gabas, a Fabrairun 2025 kuma Nijar ta umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya ta tattara nata ya nata. Ita ce kuwa ƙungiyar da aikinta ya haɗa da ziyartar tsararru da sada iyalan da rikici ya raba.

Kuma sa idon dole ya shafi kowa. A Oktoban 2021 'yan sa-kai sun kashe Fulani aƙalla 11 a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, ƙaramar hukumar da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, ramuwar gayya ta biyo baya a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Yanzu da gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma, nan ne ya kamata ƙwararrun waje su shigo da horo kan yadda ake kama wanda ake zargi a miƙa shi ga 'yan sanda da rai. Bafulatanin da ke tsoron shigowa kasuwar Illela da shanunsa saboda kamanninsa, shi ma haƙƙinsa aka tauye.

Nauyi na farko a wuyan gwamnatin tarayya yake, domin babu hukumar duniya da ke shiga ƙasa sai an gayyace ta. Ita za ta nemi a sa Sakkwato da Zamfara da Katsina cikin tsarin agaji sosai, ita za ta wallafa rahotannin Tudun Biri da Silame, ita za ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa kuɗi da ma'aikatan da za su isa ƙauyukan iyaka su rubuta sunayen matattu da na waɗanda aka sace. Ƙasashen da ke sayar wa Najeriya jirage kuma su ɗaure kowane sabon ciniki da sharaɗin bincike da biyan diyya.

Abuja da Yamai na iya ci gaba da zaman doya da manja. Amma akwai yarjejeniya ɗaya da ya kamata su ƙulla a rubuce, da shaidar UNHCR: duk rigimar da za ta ɓarke tsakaninsu nan gaba, ba za a rufe hanyar Illela zuwa Ƙonni ga mai gudun ceton rai, da marar lafiya, da motar abinci da magani ba.