Idan Mace Ta Ci Kofi, Sai A Ce Ba Mace Ba Ce

Wannan mako za mu bar filin kokowa ya huta, mu leƙa wata mummunar ɗabi'a da ta yi kanta a ƙwallon ƙafa na mata a Afirka. Muddin yarinya tana shan kashi, ba mai damuwa da ita. Ranar da ta soma zuba ƙwallo a raga, ranar ce za a tuna muryarta ta yi kauri, kafaɗunta sun yi faɗi, kuma ba a taɓa ganin ta da saurayi ba.

A shekara ta 2008 ƙasar Gine Ekwatoriyal ta ɗauki kofin Afirka na mata a gidanta, bayan ta ka da Afirka ta Kudu da ci 2 da 1. Kafin wannan rana babu ƙasar da ta taɓa karɓe kofin daga hannun Nijeriya. Tauraruwar ƙungiyar, Genoveva Anonma, ba ta samu damar yin murna yadda ya kamata ba. Daga baya ta shaida wa BBC cewa jami'ai sun sa ta tuɓe tufafinta a gabansu don su tabbatar mace ce, tana kuka. Ba asibiti, ba gwajin likita, tuɓewa kawai. A 2010 Nijeriya ta karɓi kofinta da ci 4 da 2, amma duk da haka ta kai ƙara wurin hukumar CAF game da Anonma da wasu ƴan'uwa biyu, Salimata da Bilguisa Simpore. Ƴan'uwan ba su je kofin duniya na Jamus a 2011 ba. Ita kuwa Anonma ta ci gaba da wasa a Jamus ɗin, ƙasar da ba ta rasa likitoci ba, har ta fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar ta 2011-2012 tare da ƙungiyar Turbine Potsdam.

Idan zargin "namiji ce" bai kama ba, akwai na biyu a aljihu: "ƴar maɗigo ce". Wannan ya fi na farko dafi, domin babu takardar likita da ke wanke mutum daga gare shi. A 2011 jaridar New York Times ta ruwaito mai horar da ƴan wasan Nijeriya mata, Eucharia Uche, tana cewa tana yaƙi da abin a cikin ƙungiyarta da addu'a da nasiha. To, da wane awo ake gane mai laifin? Da aski? Da wando? Da rashin kwalli? Yarinya ashirin na cikin ƙungiya, magana ɗaya ta shafa musu baƙin jini gaba ɗaya, kuma da shi za su koma unguwa. Magabata sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kada kuma a ɗauka abin yana tsayawa a baki: a watan Afrilu na 2008 aka yi wa Eudy Simelane, wadda ta yi wa Afirka ta Kudu wasa kuma ba ta ɓoye yadda take rayuwa ba, fyaɗe da kisan gilla a garin KwaThema.

Mu ma nan ba baƙin wannan harshe ba ne. Yaron da ya ƙi shiga fili a kara da shi, ko ya fi son karatu da gudu, nan da nan sa'o'insa su laƙa masa ɗan daudu. Yarinyar da ta fi maza gudu a lakwal kuwa, mata-maza. Uban da ya ji ana faɗin haka game da ɗiyarsa, ko babban ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci mai digiri, ba ya tsayawa bincike. Yana tunanin ranar aurenta, sai ya karɓe takalman wasa. Ban ga laifinsa duka ba. Laifin yana ga mai bakin da bai biya ko dala ba wajen yin ƙazafin.

Gwajin sinadarin testosteron da ya maye gurbin tuɓewa bai kashe rigimar ba. Barbra Banda ta Zambiya ta ci ƙwallo uku-uku a wasa biyu jere a gasar Olimpik ta Tokiyo a 2021. A 2022 sai ga ta a gefen fili lokacin kofin Afirka na Maroko: hukumar ƙwallon Zambiya ta ce sharuɗɗan CAF ne suka hana ta, CAF ta ce ba ita ta cire ta ba. A 2023 Banda ta yi wasa a kofin duniya ba tare da an hana ta ba. A 2024, da BBC ta ba ta kyautar gwarzuwar shekara, zagin ya dawo sabo tun a ranar.